Gargaɗi, Kamuwa da Baitulmali: Nazari a kan Kuɗin Yaƙi cikin Kitabul Farƙi

I

Cikin littattafan da aka gada daga malaman jihadin Sakkwato, kaɗan ne aka fi ambata a azuzuwan tarihi kamar Kitabul Farƙi, ɗan ƙaramin littafin nan da ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rarrabe tsakanin mulkin da ya bi shari'a da mulkin da ya saɓa mata. Tun sa'ad da Mervyn Hiskett ya buga shi da Larabci tare da fassarar Turanci a Landan cikin 1960, malaman makarantu suka mai da shi madogara in za su gaya wa almajirai abin da ya jawo jihadi. Akan buɗe shi, a karanta jerin zaluncin sarakunan Haɓe, sa'an nan a rufe.

Karatun nan ya tsaya a rabin hanya. Littafin kashi biyu ne: na farko ya hana, na biyu ya tsara. In aka jera su aka duba ta fuskar kuɗin yaƙi, sai a ga wani giɓi a tsakaninsu. Mawallafin ya haramta hanyoyin da sarakunan Haɓe ke bi su tara runduna su ciyad da ita; ya kuma sa runduna a gaba ga dukan masu hakki a kan Baitulmali; amma bai faɗi abin da shugaba zai yi ba ranar da abokan gāba suka tsaya a bakin ganuwa, Baitulmali kuwa wayam. Bai yi maganar rance ba, bai yi maganar ɗora wa jama'a kuɗi saboda lalura ba. Abin da wannan takarda za ta duba ke nan, ta fara da kalmomin littafin, ta bi da lissafinsa, ta ƙare da shirunsa.

II

Kashin farko jeri ne. Kowane abu da jimla iri ɗaya yake farawa, wadda ke nuna cewa ga wata hanya daga hanyoyin mulkinsu. Sai a bayyana aikin da Larabci, sa'an nan sau da yawa a kawo sunan da mutanen ƙasa ke kiransa da shi. Nan ne Hausa ke kutsawa cikin Larabci: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa, kamuwa, gargaɗi. Ga mai nazarin harshe, rubutun kansa abin lura ne. An rubuta kuɗi da harafin ra a tsakiya, watau kurɗi, yadda mutanen dā ke faɗa, haka kuma Heinrich Barth ya ji ana faɗa a Kano a tsakiyar ƙarni na 19. Sautin g kuwa da harafin gaini aka rubuta shi, bisa ga al'adar ajami.

Dabarar nan tana da ƙarfi ƙwarai. Littattafan malaman jihadi da Larabci ake rubuta su, amma da Hausa ko Fulatanci ake fassara su a gaban jama'a. Malamin da ke fassara in ya iso kan jangali ba shi da sauran aiki, don makiyayin da ke sauraro ya san ranar da aka ƙidaya masa shanu. Zalunci kalma ce mai faɗi wadda kowa zai iya zamewa daga ƙarƙashinta. Tawasa kuwa nama ce da aka ɗauka daga gaban mahauci a kasuwa, kowa ya ga hannun da ya ɗauka. Har wa yau, sa sunan Hausa a tsakiyar Larabcin fiƙihu hukunci ne da kansa. Kamar ana ce wa mai karatu ne ya bincika babobin shari'a duka, ba zai sami wannan suna ba, abin da ba shi da suna a shari'a kuwa ba shi da mazauni a cikinta.

Biyu daga cikin kalmomin nan su suka fi shafar yaƙi. Ta farko gargaɗi. Bahaushen yau in ya ji gargaɗi, jan kunne yake fahimta, kamar na waƙoƙin wa'azi. A littafin kuwa sunan tilasta wa mutane ne su fita yaƙi cikin rundunar sarki, ko da Musulmi ne, wanda ya ƙi fita a ci shi tara. Hanyar da ma'anar ta bi ba ta da wuyar ganewa, domin shelar fita yaƙi tare da faɗin horon wanda ya noƙe ake yin ta. Abin lura shi ne gargaɗi wuƙa ce mai kaifi biyu: in mutum ya zo, sarki ya sami dakare; in bai zo ba, sarki ya sami kuɗin da zai ciyad da wanda ya zo. Da haka tara ke rikiɗa ta zama kuɗin shiga da ake sa ran samu. Sarakunan Ingila ma sun yi irin wannan a ƙarni na 12, suna karɓar abin da suka kira kuɗin garkuwa a hannun wanda bai fita yaƙi ba.

Ta biyu kamuwa, watau kama dabbobin dakon talakawa ba da izninsu ba don a ɗauki kayan sarki. Wanda ya san tafiyar yaƙi a ƙasar Hausa kafin zuwan mota ya san a bayan jaki da takarkari da raƙumi guzurin runduna ke tafiya. Hana kamuwa daidai ne a shari'a, amma hanin bai rage nauyin guzuri ba ko da mudu guda.

Rauni na farko a nan yake. Jerin bai faɗi nawa ake karɓa ba, bai faɗi inda kuɗin ke zuwa ba. Duk ya zuba su a ƙwarya ɗaya, da abin da aka karɓa don shagalin fada da abin da aka karɓa don gyaran ganuwa. Rauni na biyu ya fi wannan zurfi. In an ɗora hujja a kan suna, ranar da aka sāke sunan sai hujjar ta rasa abin riƙo. Za a ga yadda hakan ya auku a gaba.

III

A kashi na biyu mawallafin ya kawo ƙofofin Baitulmali guda bakwai, yadda malaman fiƙihu suka saba jera su: humusin ganima, da fai'i, watau dukiyar abokan gāba da aka samu ba tare da faɗa ba, da haraji a kan ƙasar noma, da jiziya, da ushira, da gadon wanda bai bar magaji ba, da dukiyar da aka rasa mai ita. Zakka tana da nata babi dabam, domin aya ta 60 ta Suratu Tauba ta riga ta ƙayyade mutane iri takwas da za a ba, ko da yake yaƙi saboda Allah na cikinsu.

Sa'an nan ya tsara yadda za a kashe. A fara da toshe kafofin tsoro da kan iyaka, da tanadin makamai, da biyan mayaƙa. In an yi saura, a ba alƙalai da ma'aikata, a gina masallatai da gadoji, a raba wa matalauta. In har yanzu da saura, shugaba na da zaɓi, ko ya raba wa mawadata ko ya ajiye saboda masifar da za ta iya sāmun Musulmi. Tsarin nan ba mawallafin ya ƙago shi ba. Haka yake a littattafan mazhabar Maliku, kamar na Ibn Juzai na Andalus. Tsari ne mai kyau, mai sauƙin haddacewa, ya kuma nuna mawallafin ya san cewa tsaro shi ne nauyi na farko a wuyan mai mulki.

To, amma a ɗauki ƙofofin nan ɗaya ɗaya a auna su da buƙatar runduna. Humusi da fai'i sai an ci nasara suke samuwa. Jiziya raguwa take yi gwargwadon yadda mutane ke shiga Musulunci, abin da jihadin kansa ke nema ke nan. Gadon marar magaji da dukiyar da aka rasa mai ita kuwa tsintuwa ce, ba mai shirya yaƙi da sa ran tsintuwa. Ushira na bin fatauci, fatauci kuma shi ke fara tsayawa in hanya ta ɓaci. Sai haraji kaɗai ya rage mai zuwa shekara shekara, shi ma a shari'a sharuɗɗa gare shi, ba kowace gona ake ɗora wa ba.

A ɗaya gefen ga doki. Doki na cin dawa da ciyawa rani da damina, ko an hau shi zuwa yaƙi ko yana ɗaure a barga. Ga mai yi masa hidima, ga lifidi, ga sulke da kwalkwali. Shari'a ta san da wannan nauyi, shi ya sa a mazhabar Maliku in an cire humusi aka zo rabon sauran kashi huɗu, mahayi rabo uku yake samu, ɗaya nasa biyu na dokinsa, dakare kuwa ɗaya. Ashe ke nan lissafin littafin ya dace da runduna mai kai hari tana cin nasara, wadda ke biyan kanta da kanta. Rundunar da aka kora, ko wadda ke zaune tana gadin kan iyaka, ba ta da abin ci a cikinsa sai ajiyar nan ta ƙarshe, ajiya kuwa sai an yi saura.

IV

Jama'ar Shehu ba baƙin wannan matsala ba ne. Sun yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, suka ci nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni, amma kafin shekara ta ƙare suka sha wuya a Tsuntsuwa, a 1805 kuma aka yi musu ɓarna a Alwasa. Alkalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Cikin shekarun nan yunwa ta dame su matuƙa, domin mutanen da suka bar gonakinsu suna yawo da iyali ba su da rumbu. Neman abinci na daga cikin abin da ya kai su ƙasar Zamfara, yana kuma daga cikin abin da ya ɓata tsakaninsu da Zamfarawan da suka karɓe su da farko. Mayaƙin da yunwa ta kama a ƙauyen wani, abin da zai yi bai cika bambanta da kamuwa ba, ko da wace tuta yake bi.

Dogara ga ganima kuma yana da nasa ciwo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son dukiya da dawaki da mulki ya shiga zukatan waɗansu mayaƙa, har ya bar runduna ya nufi gabas tun kafin faɗuwar Alkalawa, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ya kuma bar kukansa cikin Tazyinul Waraƙati.

Da mulki ya zauna, sai yaƙi ya sāke kama. Gobirawa sun kafu a Tsibiri, Katsinawan da aka kora sun kafu a Maraɗi, Kabawa kuma a Argungu, dukansu suna kawo hari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa ribaɗi a kan iyakoki, shi kansa ya zauna a Wurno har ya rasu a can. Ribaɗi shi ne toshe kafar tsoro da littafin ya sa a gaba. Amma masu zaman ribaɗi jira suke yi, jira kuwa ba ya kawo humusi. Dole aka zaunar da mutane su yi noma a kewayen garuruwan nan don su ciyad da masu gadi. Wannan amsa ce ta aiki ga tambayar da littafin bai yi ba.

V

Hausa ta rarrabe hanyoyin karɓar abin wani da yardarsa, rarrabewa mai kyau. Aro shi ne a karɓi abu a mai da shi shi kansa, kamar doki ko riga. Rance shi ne a karɓi kuɗi ko hatsi a mai da kwatankwacinsa. Bashi shi ne nauyin da ke wuyan wanda bai biya ba tukuna. Gudummawa kuwa agaji ce da ake kai wa wanda yaƙi ya tsananta a kansa, daga nan ta faɗaɗa ta zama kowane taimako da ba a sa ran biya. Fiƙihu ma haka ya raba ariya da ƙarli da sadaka. Mawallafin da ya iya zaɓen kalmomin Hausa don hani yana da waɗannan a hannu in ya so ya nuna halal ɗin da za ta maye gurbin haram.

Tarihin Musulunci kuma bai rasa misalai ba. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai fita Hunaini a shekara ta 8 bayan hijira, ya ari sulkuna a wurin Safwanu ɗan Umayya, wanda a lokacin bai musulunta ba. Safwanu ya tambaya ko ƙwace ne, aka tabbatar masa aro ne mai lamuni. Bambancin kamuwa da aro ke nan a fili: yarda da lamuni. A shekara ta 9 kuma, don yaƙin Tabuka, aka nemi gudummawa, Usmanu ɗan Affan ya ɗauki kaso mai yawa na shirin runduna.

Malamai daga baya sun tsara maganar. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yarda shugaba ya ɗora wa mawadata abin da zai ishi runduna in Baitulmali ya ƙare kuma ana tsoron abokan gāba. Shaɗibi na Garnaɗa, Bamalike, wanda ya rasu a 1388, ya bi wannan cikin Al'i'itisami, da sharaɗin shugaba ya zama adali, a karɓi gwargwadon buƙata, a daina in dukiya ta samu. Ya kuma raba tsakanin rance da ɗorawa: ana rance ne in Baitulmali na jiran wani kuɗi da za a biya da shi, in ba abin da ake jira, sai ɗorawa. A Masar kuwa, da Mongol suka doso kafin yaƙin Ainu Jaluta na 1260, Sarki Ƙuduz ya nemi karɓar kuɗi a hannun jama'a, Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce sai Baitulmali ya ƙare tukuna, sarakunan yaƙi kuma sun sayar da kayan adonsu na zinariya sun yi daidai da talakawa.

Me ya sa Kitabul Farƙi bai taɓo wannan babi ba? Adalci ne a kawo uzurinsa. Na farko, sunansa ya nuna aikinsa. Littafin rarrabewa ne, fari a dama baƙi a hagu, babin lalura kuwa launi ne na uku wanda zai dushe sauran biyun. Na biyu, lalura ƙofa ce da kowane azzalumi ke so. Sarkin Gobir Yunfa ma yana iya cewa taskarsa ta ƙare, abokan gāba kuma na kewaye da shi. Na uku, rance ga sarki abu ne mawuyaci a wancan zamani. Kuɗin ƙasa wuri ne, keso guda 20,000, kaya ne na dabba. Riba haramun ce, saboda haka attajiri ba shi da abin da zai kwaɗaitar da shi, in kuwa sarki ya ƙi biya, alƙalin da zai kai ƙara wurinsa sarkin ne ya naɗa shi.

Uzurin nan ya bayyana dalilin shirun, amma bai kau da aibinsa ba. Sharuɗɗan Shaɗibi da na Izzuddini shinge ne aka yi wa ƙofar lalura: wa zai biya, nawa zai biya, har yaushe. Littafin da ya toshe ƙofar ba tare da ya ambaci shingen ba ya bar masu mulki na gaba da buƙata a hannu ba ƙa'ida.

VI

Abin da ya biyo baya sananne ne. Da Barth ya shiga Kano a 1851, zamanin Sarki Usman, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa, wuri 2,500 a kan kowane mai gida, da kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Sarautu irin su Galadima da Ubandawaki, waɗanda littafin ya ƙidaya cikin sunayen da ba na shari'a ba, suna nan a fadodi da yawa. Abin da sarakuna ke aika wa Sakkwato gaisuwa ake ce da shi. Lalle ba ita ce gaisuwar da littafin ya hana ba, wadda mai neman biyan buƙata ke kai wa mai mulki, amma kalmar dai ita ce. Jangali kuwa Turawa sun tarar ana karɓarsa.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, dokar Lugga ta 1906 ta tattara ƙananan kuɗaɗen nan ta mai da su ɗaya, aka bar jangali dabam a kan shanu. Sunan da ya zauna wa kuɗin da aka tattara shi ne haraji, daga Larabci kharaj, ɗaya daga ƙofofi bakwai na halal. Taskar En'e kuma aka kira ta Baitulmali. Raunin da aka ambata a baya ya tabbata: abin da aka hana da sunan Hausa ya dawo da sunan Larabci, ya zama kuɗin da ake bin kowane baligi namiji, wanda ba shi ne harajin fiƙihu ba. Da aka yi yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, Baitulmalin sarakunan Arewa ya ba Ingila kuɗi, aka lissafa shi kyauta ce ta son rai. A fada gudummawa ce, a ƙauye kuwa haraji ne da dagaci ya tara. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka yi shelar soke haraji da jangali a jihohinsu.

VII

Darajar Kitabul Farƙi ba abin musu ba ce. Ya adana sunayen kuɗaɗen da talakan Hausa ya biya tun kafin jihadi, ya kuma nuna yadda kalma guda ta harshen jama'a ke iya ɗaukar nauyin hujja a tsakiyar rubutun malamai. A matsayin tuhuma ya cika aikinsa. A matsayin tsarin dukiyar ƙasa kuwa ya gaza a wurin da aka fi buƙatarsa, domin ya tsara rabon dukiya a ranar wadata, ya bar ranar tsanani ba bayani.

Malaman kwalejojin horon malamai da ke karantar da shi zai kyautu su daina tsayawa a kashi na farko. A sa almajiri ya rubuta ƙofofi bakwai a gefe ɗaya na allo, ya rubuta buƙatun ribaɗi guda a ɗaya gefen, ya ga ko sun yi daidai. Sa'an nan a kawo masa labarin sulkunan Safwanu da sharuɗɗan Shaɗibi, a tambaye shi inda ya kamata a sa su a littafin. Wanda ya yi wannan aiki zai fahimci dalilin da ya sa Barth ya tarar da kuɗin ƙasa a Kano shekara 47 bayan hijirar Gudu, zai kuma san tambayoyin da ake yi wa kowane kuɗin da aka karɓa da sunan tsaro: a hannun wa, nawa, har yaushe, kuma in rance ne, da me za a biya.